Barewar Malam Danda

Ƙarfe uku da rabi na ranar Juma'a, Insifekta Alamin na zaune a bironsa a komisariyar Tasawa, wato ofishin 'yan sanda, yana fifita da wani tsohon fayil, sai ga wata mata ta faɗo ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce sunanta Hamsatu, ɗiyar Malam Danda makanike, kuma an sace Barewa.

Bai tambaye ta mece ce Barewa ba. Duk wanda ya tashi a Tasawa ya san ta: jar motar tsere mai ƙofa biyu da kujera biyu, wadda wani Bature ya kafe da ita cikin rairayi shekara talatin da takwas da suka wuce, ya gaji ya bar ta. Danda da amininsa Talle suka jawo ta da shanu, Danda ya yi wata bakwai yana fama kafin ta tashi. Alamin kansa yana cikin yaran lakwal, wato makarantar boko, da ke tsallake taga su bi ta da gudu, kuma ya sha bulala a kanta ba sau ɗaya ba.

Hamsatu ta ce tsoronta kada a ƙetara da motar Najeriya a wargaza ta a sayar da ƙarafa. Sannan ta ƙara da wata magana da ta tsaya wa Insifekta a rai: mahaifinta ya hana ta zuwa wurin 'yan sanda, da ƙarfin hali ta zo.

Garejin yana bakin gari ta kudu. Sun tarar da Danda zaune kan benci, ya juya fuska wajen rumfar motar da babu komai a cikinta. Cutar yana ta riga ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya kama hanya.

Kwaɗon rumfar lafiyarsa lau, da mabuɗi aka buɗe. A gindin ginshiƙi akwai gwangwanin tumatir, cikinsa ƙananan murafu huɗu na bakin iskar taya. Insifekta ya gane an rage wa tayoyi iska, abin da masu sanin mota ke yi in za su shiga rairayi. Ke nan ba kwalta aka bi ba. Amma ɓarawon da zai tsaya ya adana murafu a gwangwani, shi dai bai taɓa kama irinsa ba.

Daidai inda ƙofar direba take tsayawa akwai wani bulo, a kansa takalman fata a jere, kai da kai.

"Baba, takalman wane ne waɗannan?"

Danda ya karɓa ya shafa su, yatsansa suka tsaya kan wani ɗinki a maɗauri. "Nawa ne."

"Da su ka tafi masallaci?"

"Da wasu na tahi."

Insifekta ya dubi ƙafar tsohon. Ƙatuwa ce, ko rabinta ba za ta shiga takalman ba. Ya sa su a leda. Ya tuna dokar da duk garin ya sani: ba a shiga Barewa da takalmi. Ko amaren da ta riƙa kaiwa gidan miji a da, sai sun tuɓe a kan bulon nan.

A tsallaken hanya akwai Lalla mai tuyar awara, wadda ba ta rabuwa da kaskonta ko ranar Juma'a. Ta ce ba ta ga fuskar direba ba, domin tana fama da wuta. Amma ta ji.

"Mi kika ji, Inna?"

"Liman na cikin huɗuba ta hita. Sai da ta yi tari sau biyu, ta yi wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Na ce a raina wanga ba Danda ba ne. A hannun Danda ba ta tari."

"Ina ta nufa?"

Ta nuna hanyar rairayi mai zuwa Hawandawaki da tsinken tuyarta.

Bayan la'asar Insifekta ya je fadar masu son mota, gindin wani iccen bedi kusa da tasha, inda ake zuba shayi ana gardama tun kafin ya shiga aikin ɗan sanda. Ya yi zaton zai tarar da jimami. Jimamin yana nan, amma bai hana gardama ba, domin wata guda ke nan babu abin da suke taunawa sai sabuwar motar da kamfanin da ya ƙera Barewa zai fitar baɗi. Har sun raɗa mata suna Jikar Barewa.

Muzammil mai kantin magani ne ke riƙe da waya yana nuna hoto. A ganinsa jikar ta fi kakar komai: ƙarfin doki ɗari uku, ba ta shan esansi, wato fetur, kuma ba sai attajirin Yamai zai iya sayenta ba. Ɗayyabu, tsohon malamin lakwal, ya ce mota mai ciki a ƙasa haka, ramin farko na hanyar Mayahi zai raba ta da hanjinta. Talle, tsohon direban kamiyon ɗaukar kaya, ɗan ƙaramin mutum mai ƙaramar ƙafa, shi ne ya fi zafi. Ya ce motar da ba ta da sandar giya, kukanta ma daga lasifika yake fitowa, wannan ai rediyo ce aka sa wa taya.

Insifekta ya karɓi shayi ya bar su suka ɗan huce, sannan ya juya ga Muzammil.

"Kai kake cewa Barewa ta zama tarkace?"

"Ra'ayi ne, ranka ya daɗe. Ni ba ruwana da ita."

"Ba ni wayar."

Hotunan da ke bin na jikar duk na Barewa ne: ta gaba, ta baya, har lambar injinta. Muzammil ya yi zufa ya faɗi gaskiya. Shi ya aika wa kamfanin hotunan. Suka amsa cewa irinta saura kaɗan a duniya, suna son su ajiye ta kusa da sabuwar ranar da za a nuna wa jama'a, daga nan ta zauna a gidan tarihinsu. Danda ya yarda, tunda idonsa ya hana shi tuƙi. Ranar Litinin babbar mota za ta zo ɗaukarta.

"Wa ya san da wannan magana?"

"Ni da Baba Danda. Sai shekaranjiya bakina ya suɓuce a nan."

Insifekta ya sauke ido ƙasa. Talle na sanye da takalmin roba sabo fil, ko takardar kanti ba a ɓamɓare ba.

"Baba Talle, ka yi sabon takalmi."

"An ɗauke mini nawa a masallaci. Ka san halin mutanen yanzu."

"Kusa da wa ka yi salla?"

"Kusa da Ɗayyabu, inda muka saba."

Ɗayyabu ya duƙufa yana kallon kumfar shayinsa, bai ɗago ba.

Insifekta ya zaro takalman daga leda ya ajiye a kan tabarma, kai da kai, yadda ya same su. Talle ya daɗe yana kallonsu, sannan ya tuɓe na robar ya zura ƙafa a cikin nasa. Suka zauna daram.

"Lahiyarta lau," ya ce. "Gobe in kai ku."

Da hantsin Asabar motar komisariya ta kama hanyar Hawandawaki, Danda a gaba, Talle a baya kusa da Insifekta. A wani ƙauye kafin garin, bayan rumbunan geron ƙanen Talle, aka yaye zana. Ga Barewa lulluɓe da zannuwan gado, an goge ta tas, an tokare tayoyinta da duwatsu. Insifekta ya ji abin da yake ji yana ɗan shekara takwas, har ya ji kunyar kakin da ke jikinsa.

Talle bai jira tambaya ba. Ya ce ya san inda mabuɗi yake kwana tun ranar da aka kafa ƙusar da ake rataye shi. Ya fita ana huɗuba, ya dawo a kan babur, sai a hanya ya lura ƙafarsa babu takalmi. Sirrin shiga giya ta biyu ba tare da motar ta yi tari ba kuwa, ya san shi a ka, ƙafarsa ce ba ta sani ba.

Ya juya ga Danda. "Da shanun ubana munka jawo ta. Shekara talatin da takwas ina zaune gehenka, ban taɓa ce maka ba ni in taɓa ba, kai ma ba ka taɓa cewa ungo ba. Sannan in ji a bakin mai kantin magani za a kai ta inda ba mai tada ta? Ko shawara, Danda."



"Kunyarka na ji," in ji Danda. "Na san in na hwaɗa maka ba ni iya ba da ita."

Ya roƙi a bar maganar a nan. Insifekta ya ce an riga an rubuta ƙara, dole Talle ya je komisariya ya ba da bayani ya sa hannu, in ya so mai mota ya janye daga baya. Game da babbar motar Litinin kuwa, wannan ba aikin 'yan sanda ba ne.

"Sai ta koma yadda ta zo," in ji Danda. "Muzammil ya rubuta musu su nuna jikar ita kaɗai."

Saura yadda za a mai da Barewa gida. Ɗan sandan da ya tuƙo su ya matso da murna zai buɗe ƙofa, Danda ya ji takun takalminsa ya daka masa tsawa. Ya lalubo mabuɗin a hannun Insifekta, ya miƙa shi inda yake jin numfashin Talle.

"Ungo. In za ka shiga ta biyu, taka kuloci sau biyu, ka ɗan jira ta."

Doka ta ce mai laifi ba ya tafiya shi kaɗai. Insifekta Alamin ya zauna a kan dutse ya kwance igiyar manyan takalmansa, ya miƙa wa ɗan sandansa su tare da na Talle, ya shiga kujerar gefe da safa. Warin tsohuwar fata da mai ya cika masa hanci. Talle ya murza mabuɗi. Giya ta ɗaya, sannan ta biyu, ba tari.

Insifekta ya waiwaya. Danda na tsaye a bakin rumbu ya karkata kai, ya ɗaga hannu ya hana a tada motar komisariya.

Da la'asar, bayan an gama rubuce-rubuce an sallami Talle, Insifekta ya tambayi Danda abin da ya tsayar da su har rabin awa a ƙauyen.

"Saurare nike," in ji Danda. "Kullum ina ciki. Ban taɓa jin kukanta daga waje ba sai yau."