Hannun Daman Namadi

"Wallahi ba za a yanke ba, Lauratu! Kada ki ƙara yi mini maganar nan!"

"To mutuwa ka zaɓa ke nan? Wa za ka bar wa ni da ɗiyarmu Azumi?"

Namadi ya juya fuskarsa bango, ƙudaje na bin tsumman da na naɗe masa hannu da shi. Mijina ne, shekara tara da aurenmu, amma biyar daga ciki a Ikko ya yi su.

Lokacin yaƙin Jamus aka kwashe su daga Kalgo ɗaukar kayan soja. Da aka gama sai wani likita Bature ya riƙe shi aiki a asibiti, wurin wani inji mai hasken da ke nuna ƙashin mutum ta cikin nama. Kullum da safe sai an gwada ƙarfin hasken, da hannun Namadi kuma ake gwajin. Likitan ya sha ce masa ya riƙa sa na hagu. Shi kuwa ɗan malamai, wai ina shi ina miƙa wa babba hagu? Hannun dama ya yi ta miƙawa, shekara huɗu cur. Kai, ladabin nan ya cuce ni!

Ya dawo gida fatar hannun ta bushe, farce na tsagewa. Bayan shekara biyu gyambo ya fito. Ba abin da ban shafa ba... man shanu, sassaƙen maɗaci, tofin malamai. Wanzami ya yi sakiya, abin ya ƙara buɗe baki.

Likitan da ya zo rangadi Birnin Kebbi kallo ɗaya ya yi masa. Ya ce ciwon daji ne, kuma hasken nan ne ya jawo, don yakan biyo mutum ko bayan shekaru. A yanke daga gwiwar hannu yanzu, tun bai hau sama ba.

Da na ga Namadi ya kafe, na goya Azumi na hau jaki, kwana biyu sai Gwandu wurin mahaifinsa, Malam Basharu. Na durƙusa a zaure ina kuka.

"Baba, ka sa baki. Maganarka kaɗai yake ji."

"Wane hannu kika ce, ɗiyata?"

"Na dama, Baba."

Carbi ya tsaya a yatsunsa.

"A ƙasar nan wa kika sani da yankakken hannun dama?"

Na sani sarai. Ɓarawon da shari'a ta hau kansa.

"Amma Baba, kowa ya san ciwo ne!"

"Na yau sun sani. Ranar da za a zo neman auren wannan da ke bayanki fa? Za a ce ubanta dungu gare shi, wa zai tsaya jin labarin inji? Gidan nan bai taɓa jin wannan zagi ba."

"A kira ni matar ɓarawo, Baba, na yarda! A bar mini shi da rai!"

Hawaye na gani a gemunsa, amma kai ya girgiza. Ya ce in koma, zai yi ta addu'a.

Na tarar da Namadi ya rame, ido ya faɗa. Ya kamo yatsuna da hannun hagu.

"Abar ƙaunata, kin sha hanya a banza. Ba wuƙa nake tsoro ba. Kunyar Baba nake ji... da ta yarinyar nan."

"Masoyina, ni fa? Ni ba ka jin tausayina?"

"Ke ce kaɗai ke hana ni barci, Lauratu."

Na kifa kaina a cinyarsa na yi kuka har muryata ta dushe. Ina son sa, ina jin haushinsa, na rasa wanda ya fi ci mini rai.

Sai bayan girbin gero Malam Basharu ya zo Kalgo. Tun daga ƙofar ɗaki wari ya tare shi. Ya ɗaga tsumman, ya duba, tsoho ya zube a ƙasa.

"Innalillahi! A yanke! Namadi, na ce a yanke, ni na yafe!"

Muka ɗauke shi a amalanke har Birnin Kebbi. Likitan ya taɓa hammatarsa, ya ji ƙulli kamar ƙwan zabo, ya mayar masa da riga a hankali. Ya ce ciwon ya riga ya wuce inda wuƙa ke kaiwa.

Kwana arba'in da uku ya ƙara. Ranar Talata da hantsi ya cika, kansa a kafaɗata.

Ranar sadakar uku mata suka cika tsakar gida. Wata tsohuwa daga danginsu na Gwandu ta dafa ni.

"Ki gode wa Allah, ɗiyata. Ya tafi da gaɓoɓinsa cikakku, ba mai zagin Azumi har abada."

Na ɗago na dube ta.

"Inna, da kun bar mini shi da hannu ɗaya. Ni da kaina zan riƙa ba shi tuwo a baki."