'Yan Kallon Nafi'u

Ku matso kusa. Asabe, rage fitilar nan. Wanda ya san zai jiƙa tabarma ya tashi tun yanzu.

Kun tuna bikin wasan kwaikwayon da na je a shekararmu ta ƙarshe a jami'a? Manyan ƙungiyoyi su ke da babban zaure, da lasifika da kujeru masu laushi. Ƙanana kuwa sai gefe: wasu a gareji, wasu a ajin firamare, wasu a gindin darbejiya. Alƙalan biki suna zagayawa. Ƙaramin wasan da suka tarar ya tara jama'a, shi ake kaiwa babban zaure ranar rufewa.

Akwai wani ɗan ajinmu, Nafi'u. Ga kai, ga baki kamar reza. Shi da wata ƙawata Kubra ne kaɗai a ƙungiyarsu. Tsohon siton auduga aka ba su a bayan layin dogo, lokacinsu kuma tsakar rana, sa'ar da ko kare yana neman inuwa.

Wasansu kotu ce. Nafi'u alƙali, Kubra Hajiya mai ƙara. Sai a jawo mutum daga cikin 'yan kallo, a ce ya saci zakara, a ɗaure shi, a yi ta yi masa tsiya ana dariya. Abin da jama'a ba su sani ba, wanda ake jawowar na gida ne, an shirya da shi. Duk mai wannan sana'a ya san ba a taɓa baƙo.

To, nasu na gidan ya gaji da zaman sito ba kowa, ya koma wata ƙungiya.

Ranar da alƙalai za su biyo ta layin dogo, benci wayam. Sai mutum ɗaya. Dattijo ne, riga har ƙasa, zaune a bencin ƙarshe. Ba su ji shigowarsa ba. Ƙofar kuwa ta kwano ce, ko iska ta taɓa ta sai ta yi kuka.

Kubra ta ce a hankali, "Ka ji ya yi sallama?"

"Sallama za ki ci? Ɗan kallo ne."

"A bar jawowar nan yau. Ba mu san shi ba."

"Alƙalai na hanya. In suka ji hayaniya za su leƙo, in suka leƙo mutane za su biyo su. Jawo min shi."

Ta je ta rusuna. "Baba, don Allah ko za ka…"

Kafin ta ƙarasa ya miƙe. Ta kama hannunsa. Sanyi kamar gindin randa.

Nafi'u ya ɗaure shi da igiya, ya kifa masa fasasshiyar ƙwarya a ka, ya shafa masa toka a fuska.

"Tsoho, kai ne ɓarawon zakaran Hajiya?"

Nafi'u ya matso kusa da kunnensa.

"Kurma ne ma. Buɗe baki mu ga ko da gashin zakara a haƙori." Ya kama gemunsa ya ja. "Durƙusa. Yi mana cara."

Dattijon ya dube shi. "Yaro, wasa ne wannan?"

"Wasa ne mana, Baba. Yi cara."

Ya yi. Sai dai bakinsa bai motsa ba. Carar daga bencin ƙarshe ta fito, inda ya tashi.

Asabe, saki hannuna, za ki karya ni.

Nafi'u ya ɗauka amsa-kuwwar sito ce. Idonsa na ƙofa, yana jiran alƙalai. Ƙarshen wasan, bulalar tsumma ake yi wa ɓarawo a tafin ƙafa. Ya ce, "Mai ƙara, ɗage masa riga."

Kubra ta ɗage. Kofato ne. A tsage, da tsohuwar auduga maƙale a tsakani.

Ta diro daga dandamali tana addu'a. A bakin ƙofa ta zame ta faɗi, shi ya sa ta ji sauran. Ita ta ba ni labarin.

Igiyar ta zube da kanta. Dattijon ya sauke ƙwaryar ya ajiye, bai ko share tokar ba.

"Kullum ina jin ku kuna magana da benci. Tausayi ya kawo ni. Me kake nema haka, har ka ja gemun sa'an kakanka?"

Nafi'u ya ce, "Jama'a, Baba. 'Yan kallo kawai."

"To na ba ka nawa. Ba sa gajiya. Ba sa tashi."

Benci ya fara ƙara, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana zama. Ƙura ta tashi. Sai tafi, hannuwa ba iyaka.

Da alƙalai suka leƙo, ba dattijo, ba tafi. Saurayi kawai suka gani a dandamali yana toshe kunne. Suka wuce.

Tun daga ranar 'yan kallon nan ba su rabu da Nafi'u ba. Ya yi tuntuɓe, su sheƙe da dariya. Ya shiga wanka, su yi fito. Ranar da aka kai mahaifiyarsa makwanci, da kuka ya ƙwace masa a bakin kabari, suka dinga tafi suna cewa a maimaita.

Yanzu yana gidan kawunsa. Ya yi dabarar zama ya fuskanci bango, ba motsi, ko za su gaji su tafi. Na je duba shi bayan sallah. Na gaishe shi, na nemi wuri na zauna. Ƙeyarsa duk tabo. Ina zaune sai wani abu ya same shi a ka, ya gangaro gabana. Ƙwallon goruba ne, an gama gwaigwaya, da yawu a jiki. Mu biyu ne a ɗakin.

Ya ce, "Haƙurinsu ya ƙare."

Ya miƙe ya fara rawa. Hawaye na zuba, yana rawa, yana rusunawa dama da hagu.

Don haka kada in ji ɗayanku ya bi bayan layin dogo shi kaɗai da tsakar rana. In kuma kun ga ana yi wa baƙon tsoho dariya, ku rufe bakinku ku wuce.

Wa ya yi wannan 'yar dariyar? Ba ke ba ce, Asabe?

To ku tashi mu shiga ciki. Ku bar tabarmar.