Kujeru Biyu a Ɗakin Gyara

Littafin ya faɗo a kan teburin Auta da ƙarfi, har jan bironta ya gangara ƙasa.

"Buɗe babin ƙarshe," in ji Yaya.

Ta buɗe.

Littafin wani tsohon malamin makaranta ne, a kan kalmomin Turanci masu rikita marubuta, irin waɗanda suke kama da juna amma ma'anarsu ta sha bamban. Maɗaba'ar Yaya ce ta buga shi. Ita da Shiru suka duba shi kafin ya shiga inji.

Malamin ya bi babin da fensir. Inda ya rubuta *lose*, an buga *loose*. Inda ya gargaɗi marubuta kada su haɗa *advice* da *advise*, an haɗa su a cikin gargaɗin kansa.

"Littafin hana kuskure ke nan," Yaya ya ce. "Dattijon ya zo har ofishina, ko zama bai yi ba."

Shiru na tsaye a jikin bango. Kowa a maɗaba'ar haka yake kiran sa, don in ba karatun aiki ba, da wuya a ji muryarsa. Aikinsa shi ne ya karanta rubutun marubuci a fili, ya ambaci kowane waƙafi da aya, in ya zo kan kalma mai rikici ya faɗi haruffanta ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma Auta ta bi shafin da aka tsara da rula da jan biro.

"Ƙanwata ba ta taɓa barin kuskure ya wuce ta ba," Yaya ya ce masa. "Kai ne ka gaji da faɗin haruffa. Na kuma ji abin da ke gudana a ɗakin nan. Ƙarshen mako ka tattara kayanka, kuma kada in sake ganin ka kusa da ita."

"To, yallaɓai."

Yaya ya fita. Tun rasuwar Baba, maganarsa ce magana, a gida da wurin aiki.

Auta ta ɗauko bironta daga ƙasa. Kuka ya so zuwa mata, amma tambaya ta riga shi. Babi bayan babi tsaf, sai na ƙarshe kaɗai ya lalace. Ta yaya?

"Ka faɗi haruffan?"

"Na faɗa."

"Duka?"

"Duka."

"To me ya hana ka gaya masa?"

Ya dubi ƙasa.

"In ba ni ba ne, ke ce. Gara ni."

"Haka kawai za ka tafi ka bar ni?"

"Rabin raina..."

"Kada ka kira ni haka kana naɗe tabarma."

Ya buɗe ƙofa ya fita.

Zarginta ya tafi kan Gimbiya, 'yar baffansu mai tsara shafuka a kwamfuta. Gimbiya ta daɗe tana ajiye wa Shiru shayi, shayin na hucewa a inda ta ajiye shi. Duk gyaran da Auta ta yi, ta hannunta yake bi kafin a buga.

Ta same ta tana goge farce a gaban allo.

"Anti, gyaran da na yi a babin ƙarshe, kin shigar?"

"Wane gyara, 'yar ƙanwata?"

"Wanda na yi da jan biro."

Gimbiya ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Takardun nan fes suka zo mini, kamar an wanke su da sabulu. Har na ce kai, yau Auta ba ta yanka kowa ba. Ni ban taɓa ko harafi ɗaya ba. Abin da kika ba ni shi na buga."

"Ba zai yiwu ba."

"Je ki duba, suna sito." Ta hura farcenta. "Kujera kawai na juya."

Auta ta tsaya cak.

Tun tana ƙarama ta ga kujerun ɗakin gyara suna ba juna baya, mai karatu na kallon taga, mai biro na kallon bango. Haka Baba ya ajiye su. Ba ta taɓa tambayar dalili ba, kamar yadda ba ta taɓa tambayar dalilin da ya sa ƙofar sito ke buɗewa ta waje ba. Ana gab da fara babin ƙarshe ne Gimbiya ta shigo ta ce hasken ba ya isa, idon Auta zai lalace, ta jawo kujerun ta haɗa su a teburi ɗaya.

"Don me?" Auta ta tambaya, kuma da gaske take son ta sani.

"Don Yaya ya shigo ya gan ku. Ya ƙi shigowa, sai na kai masa labari da bakina. Ɓacin littafin kuwa gyara ne aka yi mini, ban saya ba."

Auta ta koma ɗakin gyara ta zauna a kujerarta. Ta yi ƙoƙarin tuna layi ɗaya na babin.

Babu.

Abin da ta tuna shi ne ƙaramin tabon da ke haɓarsa. Da yadda girarsa ke ɗagawa kafin ya faɗi haruffa. Da yatsansa mai bin layi a hankali. Muryar da ta daɗe tana ji daga bayanta ta sami fuska, ita kuma rularta ta riƙa sauka a shafi ita kaɗai.

Ta rufe fuska da tafin hannu.

Ranar da Shiru ya zo sallama, ta riga shi shiga ofishin Yaya. Ta durƙusa a gefen teburi.

"Yaya, ya faɗi haruffan."

"Ke kika sani?"

"Kunnena ya ji. Idona ne ba ya kan takarda."

"Yana ina?"

Ta saci kallon ƙofa. Shiru na tsaye a wurin, riƙe da 'yar jakarsa.

Yaya ya dube ta, ya dube shi.

"Ta yaya kika gan shi, alhali yana bayanki?"

"An juya kujerun."

"Wa ya juya?"

"Anti ta ce hasken..."

Yaya ya jingina da kujera. Ya daɗe yana kallon silin. Sai ta ga kafaɗunsa na motsi, ta ɗauka fushi ne, ashe dariya yake dannewa.

"Kin san dalilin da Baba ya raba kujerun nan?"

"A'a, Yaya."

"Shi ne mai karatu a da. Wata yarinya ce mai biro. Suka ɓata wa wani ɗan kasuwa kalanda guda, watanni suka fito a birkice."

"Wace yarinya?"

"In kin je gida ki tambayi Mama. Ki tsaya nesa da muciya."

Auta ta toshe baki.

Fuskar Yaya ta koma yadda take.

"Ba wasa ba ne. Dattijon nan ya ba mu amanar sunansa, kin zubar. Za a sake buga babin, kuma ke za ki je gidansa ki ba shi haƙuri da bakinki. Ba zan raka ki ba."

"Zan je."

"Gimbiya kuma ni da ita ne." Ya juya ga Shiru. "Kai. Aka ɗora maka laifin da ba naka ba, ka ce 'to'. Haka za ka riƙe gida?"

"Laifinta ne kawai zan iya ɗauka, yallaɓai. Na wani ba zan ɗauka ba."

"Ashe kana magana. Kana da baffanni?"

"Ina da su."

"Bakinsu ya fi naka buɗewa?"

"Sosai."

"To su zo su same ni. Ajiye jakar nan, ku je ku mayar da kujerun yadda kuka same su."

Suka mayar. Shi yana kallon taga, ita tana kallon bango. Ta ɗora rula a layin farko, ya fara karatu, waƙafi da aya, harafi bayan harafi. Jan biron ya shiga aiki.

A tsakiyar shafi muryarsa ta yi ƙasa.

"Amaryata."

Ta duba layin, ta duba na ƙasa da shi.

"Babu wannan a takardata."

"A tawa ma babu."

Wuyanta ya so juyawa. Ta danne rular da yatsu biyu, ta kafe bango da murmushi.

"Malam, ci gaba da karatu. Dattijo na jira."