Jan Biro Daga Shagari

"Ni ban ce ta yi wani abu ba, Baba. Abin da idona ya gani na hwaɗi."

Yaya Safinatu ce ke magana, ɗiyar wan Babana, tana tsaye a zauren gidanmu na Bodinga. Littafina mai shuɗin bango yana kan cinyar Baba, ya ɗora masa hannu.

"Bahijja," ya ce, "karatu ne cikin littahin ga ko soyayya?"

"Karatu ne, Baba..."

Amma na san abin da ke shafin ƙarshe.

Sau biyu Turanci yana kayar da ni a jarrabawa, makarantar jinya kuwa ba ta ɗaukar wanda ya faɗi shi. Malam Haliru ne ya soma koya mini, sai aka yi masa canjin aiki zuwa Shagari. Ranar da zai tafi ya ce, "Akwai maganar da nake riƙe da ita, sai kin gama jarrabawa." Daga nan littafin nan ya zama ɗan hanya. In cika shi da juya kalmomin aikatau na Turanci, Yaya Safinatu da ke aikin asibiti a can ta tafi da shi ranar Lahadi, ta dawo da shi Juma'a cike da gyaran jan biro. Na sani tana haɗa masa da dambu a kwano, na kuma sani godiya kawai take samu.

Baba bai iya boko ba. Shi ya sa ya aika aka kira maƙwabcinmu Malam Tasi'u, tsohon akawu.

"Karanta mini duka," in ji Baba. "In na iske yana yaudarar ɗiyata da yaren da ban ji, karatu ya ƙare, shi kuma ƙahwarshi ba ta taka zauren ga."

Malam Tasi'u ya gyara tabarau.

"My father plants onions. My father planted onions. My father will plant onions. Wato, Babana yana dasa albasa, ya dasa, zai dasa."

"Ni ne ciki?"

"Kai ne, Alhaji. Shahi ukku kana dashe."

"To na huta a na huɗu?"

"A'a, nan ban ruwa ka koma. Watered, will water, has watered."

Baba ya ɗan murmusa, ya yi maza ya haɗe fuska. Aka yi ta tafiya. Inna ta dafa, tana dafawa, za ta dafa. Na wanke, na share, na jira. Jan biron kuma ba abin da yake cewa sai "kin manta ed", "sake wannan sau biyar".

"Malam, duba na ƙarshe," in ji Yaya Safinatu.



Ranar da na rubuta shafin nan, wata biyu ban ga Haliru ba. Na zauna zan juya kalma ɗaya kamar kullum, hannuna ya zaɓi wadda zuciyata ke so.

Malam Tasi'u ya dube ni ta saman tabarau.

"Karanta," in ji Baba.

"I love my teacher. I loved him, I will love him. Tana son malaminta, Alhaji. Jiya da yau da gobe."

Na durƙusa, hawaye na zuba a kan tabarma.

"Ni na rubuta, Baba. Bai sa ni ba."

"Ka ji ko?" Yaya Safinatu ta matso. "Ga amsarshi nan ƙasa, layi biyar."

Wannan kam ban gani ba, don littafin bai iso hannuna ba.

Malam Tasi'u ya bi layin da yatsa yana fassarawa a hankali.

"Ya ce, 'Babu kuskure ko ɗaya, kin ci goma bisa goma. Amma kada ki sake rubuta wannan a nan, Bahijjata. Baba ba ya iya karanta littafin nan, don haka ba za mu sa abin da bai ba mu izini ba a cikinsa. Abin da ke ranki yana raina. Ranar da kika ajiye biro zan turo magabatana. Yanzu ki juya help da visit kafin Lahadi.'"



Baba ya karɓi littafin, ya daɗe yana duban jan rubutun da ba ya iya karantawa.

"Sahinatu, ke kin karanta wanga kahin ki kawo?"

Ta sunkuyar da kai. "Na sama kawai na karanta, raina ya ɓaci..."

"Ke kuma," ya juyo gare ni, "goma bisa goma kika ci a nan. Saura ki ci a wurin dashen albasata."

Malam Tasi'u ya kasa riƙe dariya. Ni kuwa ina kuka ina murmushi, na rasa inda zan sa fuskata.

Baba ya miƙo mini littafin.

"Tashi ki yi aikin da aka ba ki. Daga yau ni ka kai littahin ga tasha da hannuna, in ba direba. In kin gama jarrabawa, Haliru shi turo manyanshi, na ba shi."