Tsagar da Aka Goge

Inna Asibi tana tsakar gida tana juya kifi a kan banda lokacin da autanta Muzammilu ya shigo da wani abu naɗe cikin takarda, bakinsa har kunne. Ya durƙusa ya ajiye mata a kan tabarma, ya ce tsaraba ce daga Jannatu, yarinyar da saura mako biyu a sa musu rana.

Jannatu 'yar Alhaji Na'Allah ce, mai fataucin atamfa tsakanin Bagudo da ƙasar Benin. Wata huɗu ke nan tana koyon gyaran hoto da haɗa bidiyo a shagon Anti Kausar, inda amare ke tururuwa a goge musu ƙuraje a kwamfuta. Da Muzammilu ya ga hannunta ya fara faɗawa, sai ya saci jiki ya ɗauko hoton mahaifinsa, marigayi Malam Bunyaminu, daga ƙasan adakar Inna ya kai mata. Shi kaɗai ne hoton mutumin a duniya. Ruwan ambaliya ya taɓa jiƙa shi, kyankyaso ya ci gefensa, fuskar kuma duk ƙarce ne.

Inna ta goge hannu a zani ta warware takardar. Ga firem mai ruwan zinariya, ga hula zanna ta fito fes, ga babbar riga fara ƙal. Ta daɗe tana kallo. Muzammilu yana jiran shi albarka, sai ya ji ta tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa:

"Auta, wane na wanga?"

Ya yi dariya ya ce Baba ne mana. Inna ta ɗago ta dube shi, sai dariyar ta maƙale masa.

"Ubanka Bakabe na, jinin masunta, da tsagar gidansu kunci biyu. Wanga mai sulɓin fuska ban san shi ba. Kai ma da ka ɗauko shi tun daga kasuwa ba ka ga an goge mai fuska ba?"

Gaskiya bai gani ba. Shekararsa biyar uban ya rasu, shi kuma ba a yi masa tsaga ba, don a zamaninsa an daina. Rashin ganewar nan tasa ce ta fi ƙona wa Inna rai, amma uwa ba ta son ɗora wa autanta laifi, don haka ta kwashe shi duka ta jibga wa Jannatu. Ta kife firem ɗin a bayan randa, ta karɓe tsohon hotonta ta mayar adaka.

Kafin la'asar aminiyarta Rabi'atu dillaliya ta iso, mace ce da in ta ji ƙanshin rigima ko takalmi ba ta tsayawa sawa. Ta duba hoton ta riƙe haɓa. Ta ce ita dama ta san za a yi haka. Ba an ce lokacin binciken asali Alhaji Na'Allah ya tambaya har sau biyu ko dangin yaron masunta ne ba? To ga amsar a firem. Yarinya ba ta son ƙawayenta su shigo ɗakinta su ga surukinta da tsaga, shi ya sa ta wanke shi ya koma ɗan birni. Wadda ta goge matacce, mai rai ce za ta gagare ta? Ta ƙara da cewa ita ko hoton Jannatun da ke wayar Muzammilu ba ta yarda da shi ba, wa ya sani ko hancin ma na aro ne.

Kowace kalma ta sami wurin zama a zuciyar Inna. Ta tuna ranar da Jannatu ta zo gaishe ta ta riƙa jan gyale zuwa hanci. A lokacin kunya ta ɗauka, yau kuwa sai ta ga ƙarnin kifi yarinyar ke gudu. Ta tuna an zuba mata miyar kifi ta ci loma uku kawai. Washegari ta aika gidan Alhaji cewa a dakata da maganar sa rana.

Da yamma Muzammilu ya je zance, ya tsaya nesa da tabarmar da aka shimfiɗa masa a zaure. Jannatu ta fito idanunta sun kumbura. Ta yi masa bayani cewa da ta yi sikanin hoton, wato ta shigar da shi kwamfuta, ta ƙara girmansa, layuka ta gani birjik, wasu a riga, wasu a bango, wasu a fuska, duk farare iri ɗaya. Abin da aka koya mata shi ne duk layin da ya ratsa fata a share shi, ita kuwa ta zauna kwana uku tana sharewa ɗaya bayan ɗaya, tana murna.

Ya saurare ta har ta gama, sannan ya yi tambayar da ta fi mari zafi.

"Jannatu, tsakaninki da Allah, ba ki gane tsaga ta ba, ko dai kin gane?"

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. "Kai da aka haifa cikin gidan ba ka gane ba, sai ni? Amma ka yi gaskiya, laihina na. Ban tambaya ba."

Ta shige gida ta bar shi tsaye. A ciki ma ba sauƙi, don Alhaji ya hau sama, yana cewa shi ba a taɓa dakatar da shi a bakin ƙofa ba, in ba su so ga masu so nan. Jannatu ta durƙusa tana kuka ta roƙi arzikin wata ɗaya. Son Muzammilu take yi, ba ta kuma iya kwana da sanin cewa wata tsohuwa tana can tana ganin ta raina mijinta.

Abu ɗaya ya taimake ta. Tun ranar farko Anti Kausar ta kafa mata doka cewa ba a taɓa aiki a kan asalin hoto, sai an kwafe shi. Don haka sikanin farko yana nan. Sai dai ko da suka buɗe shi su biyu suka ƙura ido, ba mai iya rantsuwa wane layi ne aska ta yi, wane ne ƙasan adaka ya yi. Anti Kausar ta ce a nemi wani hoton. Muzammilu, wanda kunya ta hana shi zuwa sai aike, ya turo saƙo cewa hoto kam babu, amma yayan mahaifinsa, Baffa Sambo, yana wani ƙauyen masunta a ƙetaren iyaka bayan Lolo, kuma an taɓa cewa akwai bidiyon wani biki da marigayin ya halarta.

Ranar kasuwa Jannatu ta bi mahaifiyarta, mota ta kai su bakin ruwa, kwalekwale ya ƙarasa da su. Baffa Sambo ya karɓe su fuska a ɗaure, don labari ya riga su haye kogi. Sai da ya gama yi mata kallon tsaf sannan ya shiga ɗaki ya fito da wani faifan sidi da aka juye daga tsohon kaset. Da ta faɗa masa abin da take nema, ya shafa kuncinsa ya ce wahalar me za ta sha, ga tsagar gidansu a fuskarsa, wanzami ɗaya ya yi musu, ta ɗauki hotonsa ta manna wa ƙaninsa, ba mai ganewa. Jannatu ta yi godiya, ta ce a yi mata afuwa, ta riga ta yi wa fuskar nan ƙarya sau ɗaya.

Bidiyon awa biyu ne da 'yan mintuna, duk makaɗa da 'yan rawa da hoto mai rawa. Kwana shida tana binsa a shago, tana tsayarwa tana matsawa, har idanunta suka fara ruwa. Anti Kausar ta koya mata yadda ake yanka bidiyo, da rage gudunsa, da tace hayaniya daga murya. A rana ta shida ta same shi. Daƙiƙa huɗu ne kacal: wani dogo da hula zanna ya ratsa bayan ango, ya juyo ya yi wa wani magana, ya yi dariya, ya fice. Kuncin dama ya fito sarai. Na hagu kuwa ko sau ɗaya bai juyo da shi ba.

Ta mayar da tsagar dama layi-layi yadda bidiyon ya nuna. Hagu ta bar shi fayau. Ta ari laftof ɗin shago ta nufi gidan Inna da hantsi.

Rabi'atu na nan zaune, ta ce a yi hattara, wata dabarar ce aka zo da ita. Inna ta amsa gaisuwa a daƙile. Jannatu ta durƙusa ta buɗe laftof ɗin ta danna bidiyon. Mutumin ya ratsa a hankali, ya juyo, sai murya ta fito, a shaƙe amma a fili: "Ku bari yara su ci tukuna." Sannan dariyar.

Wuƙar gyaran kifi ta faɗi daga hannun Inna. Shekara ashirin rabonta da muryar nan. Ta ce a sake. Aka sake har sau biyar, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Rabi'atu ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Sannan Jannatu ta buɗe hoton. Inna ta ga dama daidai, ta ga hagu babu komai, fuskarta ta sake ɗaurewa.

"Wanga gefen hwa? Rabin fuska kika ga dama ki maido?"

"Inna, ban gan shi ba. Baffa ya ce in sa nashi, na ƙi. Ba ni ƙara sa abin da ban sani ba ga fuskar Baba. Ke kaɗai kika san shi. In kin yarda ki gwada min."

Jannatu ta buɗe sikanin farko mai ɗauke da duk layukan, ta ajiye shi gefen sabon. Inna ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna dab da yarinyar, ta ɗora yatsa mai ƙarnin kifi a kan gilashin, Jannatu ko motsi ba ta yi ba. Ta riƙa nunawa, wannan aska ce, wannan ƙarce ne, wannan ya fi haka tsawo. Da suka zo ƙasan ido ta tsaya a kan wani ɗan gajeren layi karkatacce.

"Wanga ba tsaga ba ta. Ƙugiya ta kama shi, shekarar da munka yi aure. Ni na cire mai ita da hannuna. Sambo bai da shi. Da kin sa fuskar Sambo, ɗiyata, da yau munka rabu."

Muzammilu, da ya daɗe a bakin ƙofa, ya shigo ya durƙusa ya nemi gafarar su biyun. Inna ta ce masa ya matso ya ga ubansa da kyau, kada a sake canza masa shi bai sani ba.

Bayan Sallah aka ɗaura aure, hoton kuma yana rataye a ɗakin amarya, inda duk mai shigowa zai fara cin karo da shi. Zargi ya kusa raba mutanen da ba wanda ya nufi wani da sharri, haƙuri da faɗin gaskiya suka gyara. Jannatu tana da nata shagon yanzu, kuma duk wanda ya kawo mata tsohon hoto sai ta zaunar da shi ta tambayi labarin kowane tabo kafin ta taɓa shi.