Kujerar da Ke Kan Inji

"Ba inda za ki kai min uwa cikin wannan sanyin! Kin ji ko ba ki ji ba?"

Auta ba ta ko ɗago ba. Tana durƙushe gaban Umma tana saka mata safa ta biyu a kan ta farko, kamar ba da ita ake ba.

"Da ke nake magana, Auta!"

"Na ji, Yaya. Amma fita kam sai mun yi."

Shi Yaya, tsakani da Allah, mutumin kirki ne, sai dai kirkin nasa na waya ne. Tun rasuwar Baba ya koma can unguwar masu hali, yakan leƙo sau ɗaya a wata da ledoji niƙi-niƙi, ya ba da umarni ya wuce. Auta ce ke kwana ke tashi da Umma da ciwon gwiwarta, ga 'yan biyun da yayarsu ta rasu ta bari, ga aikin guga a shagon wanki. Da sanyi ya shigo, sai gidan ya zama kurkuku. Umma ta kafa kujera bakin taga ta yi ta kallon titi, yara su yi ta faɗa a kan rimot.

Direban bas mai lamba sha huɗu ne ya ɓalle ƙofar kurkukun. Shi ke ɗaukar Auta zuwa aiki kullum, daga gaisuwa aka kai ga soyayya. Ran da ta ce masa ba za ta iya aure ta bar Umma da yara ba, dariya ya yi.

"Wa ya ce ki bar su, sanyin idona? Ni fa gaba ɗayanku nake so. Ki fito min da su ranar Asabar."

Tikitin iyali na wuni guda, filas ɗin shayi da burodi, shi ke nan guzurinsu. Wata Asabar su sauka a laburaren gari mai ɗumi, yara su baje kan kafet suna buɗe littattafan hotuna. Wata su shiga gidan furanni mai rufin gilashi, inda ba a karɓar ko sisi. Wata kuwa su zauna a bas ɗin kawai har ƙarshen layi.

Wannan ne ya kai kunnen Yaya, ya taso da sassafe kamar zai ci babu.

"Wai yawon bas! Mutumin da iyakar abin da zai yi wa iyali ke nan, shi kike so in ba ki? A gan mu ana jan uwarmu a motar haya kamar ba ta haifa ba?"

"Da ka zo da motarka sau nawa ka fita da ita?"

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Tambaya na yi, Yaya..."

Ya nuna ta da makullin mota. "To ki saurara. Tun da Baba ba ya raye, ni ne mai ba da aurenki. Wallahi kika tsallake ƙofar nan da Umma yau, ki manta da direban nan har abada!"

Ya buga ƙofa ya sauka. Ba tafiya ya yi ba, ta taga ta hango shi zaune cikin mota yana gadi.

Auta ta juyo daga tagar. Ta san Yaya, idan ya rantse ba ya waiwaye. Kuma tana son bawan Allahn nan, so irin wanda ke sa ta ƙona rigar mutane da dutsen guga. Ta dubi Umma. Tsohuwar ta riga ta fara kwance ɗankwalin da ta ɗaura tun asuba.

"Mu haƙura, 'yar nan. Kada ki rasa miji saboda ni."

"Mayar da ɗankwalinki, Umma."

"Auta..."

"Na ce ki mayar! Idan sai na kulle ki a ɗaki za a ba ni miji, a riƙe mijin. Ku kuma ku ɗauko hulunanku!"

Suka sauka a hankali, matakala ɗaya bayan ɗaya, suka wuce ta gaban motar Yaya. Auta ta dube shi ido cikin ido, ba ta ko ƙifta ba.

Bas ya iso kan lokaci. Direba ya matso da shi har taya ta goge dakalin titi, don kada Umma ta ɗaga ƙafa da yawa. Ya dubi Auta ta madubi. Ta kai Umma can kujerar ƙarshe, aka tashi.

A tasha ta uku sai ga Yaya ya faɗo ciki yana huci, ashe biyo su ya yi ya ajiye motar a gefen hanya. Kan direba ya nufa.

"Kai! Tsayar da motar nan in sauke uwata!"

Shiru. Idon direba na kan titi.

"Ba ka ji ne? Ni za ka raina?"

Ko gezau. Fasinjoji suka fara juyowa. Auta ta taso tana dafa kujeru, ta tsaya tsakaninsu.

"Ba ya magana idan yana tuƙi, Yaya."

"Ko da wa?"

"Ko da ni! Wata takwas muna tare, bai taɓa ce min sannu ba in dai taya na juyawa. Ya ce rayukan mutane ne a hannunsa. Kuma ba ya sauke kowa sai a tasha. In faɗa kake so, ga ni, yi da ni."

Yaya ya buɗe baki, sai dariya ta katse shi daga baya. Ya waiga. Umma ce ke ƙyaƙyatawa har da dafa ƙirji, 'yan biyu na nuna mata wani mai keke da ya naɗe kansa da bargo. Rabon Yaya da jin wannan dariyar tun Baba na da rai.

Ta yafito shi. "Zo nan, babban mutum. Zo ka zauna."

Ya taka ya je kamar wanda aka ja da igiya. Yana zama ya zabura ya shafa kujerar.

"Ɗumi gare ta..."

"A kan inji take," in ji Umma. "Duk garin nan ba inda gwiwata ke lafawa sai nan. Yaron nan ne ya gano min ita. Ko a ƙarshen layi ba ya kashe motar sai na gama shan shayi, har faɗa shugabansu ya yi masa a kai."

Yaya ya sunkuyar da kai.

"Kai ne yau kake jin kunyar bas?" Muryarta ta yi ƙasa. "Duba waje. Ka gane gadar can?"

Ya duba. Gadar tashar jirgin ƙasa ce.

"Nan ubanku ke kawo mu duk sanyi, lokacin ko takalmin kirki ba shi da shi. Ya saka ka cikin rigarsa, kanka kawai ke waje, kana ɗaga wa jirage hannu. Ka taɓa jin kunyarsa?"

Yaya ya ƙura wa gadar ido. Hawaye ne ya zubo masa, ya bar shi yana zuba. Auta ta tsaya riƙe da ƙarfe, ita ma idonta ya cika, amma ba ta sauke kai ba. Ta riga ta ƙudurta, ko me zai ce, Asabar mai zuwa ma sai sun fito.

Can ya miƙe, ya ratsa ta gefenta ya koma gaba. Ya daɗe tsaye yana kallon hannuwan da ke riƙe da sitiyari.

"Malam direba... rantsuwa na yi ɗazu, zan ji da ita tsakanina da Ubangijina. Ka turo manyanka."

Direba bai ce komai ba. Yaya ya waigo yana hararar Auta, ita kuwa kuka da dariya suka haɗe mata.

"Ai na faɗa maka, Yaya!"

Sai bas ya fara rage gudu. Ya tsaya a wata tasha da babu kowa, babu mai hawa, babu mai sauka. Direba ya ja burki, ya juyo da jajayen idanu, ya kama hannun Yaya da hannu biyu.

"Na gode, Yaya. Allah Ya saka da alheri."

Daga baya Umma ta ɗaga murya: "To a rufe mana ƙofa, sanyi na shigowa! Kai kuma dawo ka zauna, ba mu kai ƙarshen layi ba."