Turin Babur a Hanyar Dundaye

Ranar da Jinaidu ya fara ganin Zakiyya, faɗa ta yi masa.

Nama ya kawo wa masu abinci a bayan ɗakin gwaji na jami'a, ya bar babur yana ruri. Ta fito da farar riga, rai a ɓace.

"Malam, kashe abin ga, don Allah! Ka girgiza min haske."

"Haske ma girgiza shi akai?"

Ta harare shi, sannan ta kira shi bakin ƙofa. Kan teburi akwai ɗan gilashi bai kai farce ba, cike da ramukan da ido ba ya gani. Ta ce wani siririn haske mai ƙarfi, wai shi leza, take rabawa biyu: ɗaya ya miƙe, ɗaya ya zagaya ta cikin gilashin. Wanda ya zagaya yakan dawo da 'yar murɗiya da ba a ganewa sai an haɗa su sun zana layuka a allo. Motsi kaɗan, layukan su watse. Ta daɗe tana neman murɗiyar, ba ta kama ba.

Rabi bai gane ba. Amma tun ranar, daga kwanar gonaki yake kashe babur ya turo.

Ta sa masa suna Mai Ruri. Shi kuma Haskena.

"Mai Ruri, yau ma sun ƙi tsayawa. Na gaji."

"Yi haƙuri, Haskena. Ko numfashi kike so in daina, sai in daina."

Baffanninsa suka tashi daga Mabera zuwa Dundaye neman aure. Mahaifinta, Malam Audi, ko ganin yaron bai nema ba.

"Ɗiyata ba ta zama gidan mahauta."

Bayan haka saƙonta ya shigo: "Kada ka ƙara tsayawa ƙofar ɗakin gwajinmu. Akwai mai kai ma Baba labari." Washegari ya hango ta a motar Maccido, malaminta, wanda kowa ya san yana son ta. Jinaidu ya kashe waya ya jefa a akwati. Ya daina aski. Ya rame har mahaifiyarsa ta daina yi masa faɗa, ta koma kallo.

Ya so ya bar wa wani kai naman, sai ya tuna wanin ba zai kashe inji ba. Ya ci gaba. Cikin zafin bazara, kwalta na cin takalmi, yana turi, ba ya ko duban ƙofar.

Wata rana wani dattijo mai sharar gona ya tare shi.

"Yaro, kullum mai na ƙare maka nan?"

"Akwai mai, Baba."

"To mi a wahalar?"

"Wata ka auna haske cikin ɗakin can. Ruri na ɓata mata aiki."

"Matarka ta?"

"An hana ni. Mu mahauta na."

Dattijon ya dafa fartanya. "Ta san kana wanga turi?"

"A'a."

"Uban fa? Ba ka jin haushinai?"

"Ina ji." Jinaidu ya share gumi. "Amma bai san ni ba. Kuma ita ba ta yi min komi ba da zan watsa mata layuka."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya koma shararsa.

Ranar Juma'a aka aiko Mabera: Malam Audi ya ce a turo magabata. Da Jinaidu ya je gaisuwa ya durƙusa, ya ɗago, sai ga mai fartanya.

"Tashi," in ji shi. "Ina babur ɗin?"

"Na kashe shi bakin hanya, Baba."

A ranar ya kunna waya. Saƙonninta sun taru, na ƙarshe ya fara buɗewa.

"Mai Ruri, layukan sun tsaya. Na ga murɗiyar da idona. Na juya in hwaɗa ma wani, ba ka nan. Maccido rage min hanya yay yi, kuma na ce mai a'a tun cikin motar. Ina kake?"

Ya zauna a kan dakali ya rufe fuska da hula.

An ɗaura aure bayan ruwan farko. Malam Audi ya sa albarka, jama'a suka shafa. Da za a kai amarya, abokan ango suka jeru da babura za su tayar da unguwa. Jinaidu ya ɗaga hannu zai hana su.

Zakiyya ta turo saƙo daga cikin lulluɓi: "Bar su. Yau ina son in ji."